Wald, Wilson, Agresti-Coull ko Clopper-Pearson: wace tazara zan saka kusa da kason da bincikena ya fitar?

An gama zagaya gida-gida ko aji-aji, takardun tambayoyi sun dawo, an shigar da su kwamfuta, lissafi ya nuna misali kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna da abin da ake nema. Sai malamin da ke duba furojet ɗin ko masu ba da kuɗin aikin su ce ina tazarar amincewa ta 95%, CI ɗin nan dai. Ka buɗe littafin aji ka ga fomula ɗaya, ka buɗe manhajar lissafi ta Stata ta ba ka wata amsa, abokinka mai manhajar R ya kawo ta uku, kuma duk daga bayanai ɗaya. Ba wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinku, hanyoyin ne da yawa kuma kowace da halinta. Ni dai zaɓina tun daga nan Wilson ne ga mafi yawan ayyuka, amma akwai wani abu da ya fi zaɓen fomula nauyi nesa ba kusa ba, wato yadda aka ɗebo mutanen tun farko, zan zo kansa.

Tukuna dai mu daidaita kan me 95% ɗin ke nufi, don da shi za mu auna komai. Jerzy Neyman ne ya shimfiɗa wannan tunani a 1937, kuma alkawarin a kan hanyar yake ba a kan tazara ɗaya tilo da ke hannunka ba: in da za a maimaita binciken nan sau da yawa, kowane karo a ɗebi sabbin mutane a yi lissafi da hanya ɗaya, to kimanin 95 cikin kowace tazara 100 za su ƙunshi ainihin kason al'ummar.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko cika alkawari, in hanya ta ce 95% to da gaske 95 take bayarwa ko 90 ko ma ƙasa? Na biyu juriya, tana tsayawa daram in mutanen kaɗan ne ko kason ya matsa kusa da 0 ko 100, ko sai yanayi ya yi daɗi take aiki? Na uku faɗi, domin tazarar da ta yi faɗi fiye da kima asarar bayani ce, kai ka sha rana ka tara shi. Na huɗu sauƙi da tsada, za a iya da kalkuleta ko sai manhaja, manhajar kyauta ce ko ta kuɗi. Na ƙarshe haɗari, in ta kuskure wane ɓangare take kuskurewa, tana sa ka yi iƙirarin sanin da ba ka da shi ne ko tana sa ka yi taka-tsantsan fiye da buƙata.

Misali uku zan riƙa jarraba kowace da su: mutum 3 cikin 50, sai 0 cikin 40, sai 400 cikin 1,000.

Wald, ta littafin aji

Ita ce p ± 1.96 × √(p(1−p)/n). A nan p kason da ka samu ne, n kuma yawan mutanen da ka tambaya. Sunan Abraham Wald take ɗauke da shi duk da Laplace ya yi amfani da irinta tun farkon ƙarni na 19. Wajen sauƙi ba ta da na biyu, kalkuletar waya ta isa, ba ko sisi, kuma duk malamin da ka kai wa ya san ta. A 400 cikin 1,000 tana ba da 37.0% zuwa 43.0%, lafiya lau ba abin cewa.

Matsalar tana fitowa ne da zarar an bar tsakiya. A 3 cikin 50 amsarta −0.6% zuwa 12.6%, kuma ai babu al'ummar da kashi ƙasa da sifili na mutanenta ke da wani abu, wasu sai su goge alamar su rubuta 0 su wuce, amma gogewar ba ta gyara bakin sama wanda shi ma ya yi ƙasa da yadda ya kamata. A 0 cikin 40 abin ya fi muni, tana ba da 0% zuwa 0%, wato ka duba mutum 40 kacal kana shelar cewa ka tabbata duk garin ba mai abin ko ɗaya. Ka ɗauka ainihin kason cutar 1% ne ka kuma duba mutum 100, kusan kashi 37 na lokuta ba za ka ci karo da ko ɗaya ba, duk waɗannan lokutan Wald ta faɗi, saboda haka abin da take cikawa a nan wajen 63% ne alhali a takarda an rubuta 95%.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ko a tsakiyar ma ba a tsira gaba ɗaya ba. Brown da Cai da DasGupta sun nuna a 2001 cewa cika alkawarin Wald hawa da sauka yake yi ba tsari, in ainihin kason 50% ne kuma mutum 40 aka ɗeba, kimanin 92% take bayarwa ba 95 ba. Don haka ƙa'idar nan da ake haddacewa ta "in np da n(1−p) sun kai 5 shikenan" ba garkuwa ce mai ƙarfi ba. Haɗarinta kuma ɓangare mafi muni yake, tazarar tana matsewa ne, aikin ya yi kyau a ido, kai kuma kana faɗin abin da bayananka ba su kai su faɗa ba.

Wilson

Edwin B. Wilson ya fitar da ita a 1927, shekara kusan ɗari kenan, amma har yau littattafan gabatarwa da yawa Wald suke fara koyarwa. Bambancin tunanin ƙarami ne amma shi ne komai: Wald tana auna kuskure da kason da ka samu a samfurinka kamar shi ne gaskiya, Wilson kuma tambaya take yi, waɗanne kasoji ne in su ne gaskiya abin da na gani ba zai zama abin mamaki ba? Shi ya sa ko ka samu sifili ba ta rufewa.

Da hannu ma ana yi. Tsakiya ita ce (x + 1.92)/(n + 3.84), rabin faɗin kuma 1.96 × √(x(n−x)/n + 0.96) a raba da (n + 3.84), x shi ne adadin waɗanda aka samu da abin. A 3 cikin 50 za ka samu 2.1% zuwa 16.2%. Ka lura 6% ɗinka ba ya tsakiyar tazarar, ta fi miƙewa sama, kuma haka ya dace domin ƙasa akwai katanga a sifili, sama kuwa fili ne. Wannan yana rikita wasu masu duba aiki da suka saba ganin "± kaza", sai ka yi musu bayani, kar ka canza don a ji daɗin ido. A 0 cikin 40 tana ba da 0 zuwa 8.8%, a 400 cikin 1,000 kuma 37.0% zuwa 43.1%.

Ba ta taɓa fita daga 0 zuwa 100, matsakaicin cika alkawarinta yana manne da 95% ko da mutum 20 ko 30 ne, kuma ba ta cika faɗi ba. Laifinta ɗaya da na sani, in ainihin kason ya matsa can dab da 0 ko 100 akwai 'yan wuraren da take ɗan sauka ƙasa da 95, ba irin faɗuwar Wald ba ko kusa amma akwai. Kuɗi babu: a R ka rubuta prop.test(3, 50, correct = FALSE), a Stata cii proportions 50 3, wilson, shafin OpenEpi ma kyauta yake bayarwa daga waya, Excel kuma layi biyu ne.

Agresti-Coull, ƙara biyu nan biyu can

Alan Agresti da Brent Coull, 1998. Dabarar: ka ƙara 2 a kan masu abin, 2 a kan marasa shi, sai ka yi Wald ɗinka yadda ka saba. 3 cikin 50 ya koma 5 cikin 54, amsa 1.5% zuwa 17.0%. Ba sihiri ba ne, tsakiyar Wilson ce aka zagaye lambobinta, 1.92 ta zama 2, 3.84 ta zama 4. Ga wanda ke cikin jarrabawa ko a ƙauye ba caji ba intanet wannan babbar kyauta ce. Ta ɗan fi Wilson faɗi, musamman a ƙananan samfuri, kuma tana iya leƙawa ƙasa da sifili sai an datse, a 0 cikin 40 bayan datsewa 0 zuwa 10.7% ne. Ka tuna ƙara huɗun nan na 95% ne kawai, in 90 ko 99 ake so lambar ta canza. Kuma kason da za ka rubuta a rahoto 6% ɗinka ne na asali, ba 5 cikin 54 ba, wannan kuskuren ana yawan yinsa.

Clopper-Pearson, wadda ake kira daidai-wa-daida

C. J. Clopper da Egon Pearson, 1934. Ba ta bi ta kimantawar lanƙwasar nomal da ukun farko suka dogara da ita, kai tsaye take lissafi da rabon binomiyal, wato ainihin yiwuwar samun mutum x cikin n, kuma alkawarinta mai ƙarfi ne: komai ƙanƙantar samfuri komai kason, ba za ta sauka ƙasa da 95% ba. Sunan yana ruɗin mutane su zaci ita ce mafi inganci a komai, alhali abin da take yi shi ne wuce gona, sau da yawa 97 ko 98 ko 99 take bayarwa a ƙananan samfuri, kuma faɗi ne kuɗin da kake biya. A 3 cikin 50 tana ba da 1.3% zuwa 16.5%, a 0 cikin 40 kuma 0 zuwa 8.8%, a 400 cikin 1,000 36.9% zuwa 43.1%.

Da kalkuleta ba ta yiwuwa cikin sauƙi sai in x sifili ne ko ya kai n, amma Excel na yi: BETA.INV(0.025, x, n−x+1) bakin ƙasa, BETA.INV(0.975, x+1, n−x) bakin sama. binom.test a R ita yake fitarwa, Stata ma ita take bayarwa a cii proportions in ba ka zaɓi wata ba, shi ya sa amsarka ta Stata za ta saɓa da ta abokinka in shi prop.test ya rubuta a R. Inda take da gaskiya shi ne inda raina haɗari zai cutar da mutane, kamar illar magani ko gurɓatar jini ko ruwan sha, nan gara tazara ta yi faɗi da ta yi ƙarya.

In sifili ka samu akwai kuma gajeriyar hanya ta baki: 3 a raba da n. Mutum 40 ba ko ɗaya, iyakar sama kusan 7.5%, wannan ta ɓangare ɗaya ce shi ya sa ta ɗan gaza 8.8. Akwai kuma wata tazarar, ta Jeffreys, daga wani salon lissafi daban da ake kira na Bayes, halinta kusa yake da na Wilson, Brown da abokansa sun yaba su tare ga samfurin da bai wuce 40 ba, in ka iya ta ba laifi.

| Hanya | 3 cikin 50 | 0 cikin 40 | 400 cikin 1,000 | Cika 95% | Kayan aiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Wald | −0.6 zuwa 12.6 | 0 zuwa 0 | 37.0 zuwa 43.0 | tana gazawa, wani lokaci sosai | kalkuleta |
| Wilson | 2.1 zuwa 16.2 | 0 zuwa 8.8 | 37.0 zuwa 43.1 | dab da 95 | kalkuleta, Excel, R |
| Agresti-Coull | 1.5 zuwa 17.0 | 0 zuwa 10.7 | 37.0 zuwa 43.1 | 95 ko ɗan sama | kalkuleta |
| Clopper-Pearson | 1.3 zuwa 16.5 | 0 zuwa 8.8 | 36.9 zuwa 43.1 | ba ta sauka ƙasa da 95 | Excel, R, Stata |

Dubi layin 400 cikin 1,000, duk huɗun abu ɗaya suke faɗa, in samfurinka babba ne kason kuma a tsakiya kar ka ɓata dare kana zaɓe.

Toh amma ta yaya ka ɗebo mutanen?

Duk huɗun nan sun ɗauka ne cewa kana da jerin sunayen kowa da kowa ka yi ƙuri'a, kowane mutum ya fito shi kaɗai ba ruwansa da wani. Binciken fili kuwa ba haka ake yinsa ba, ba a ma iya yinsa haka saboda kuɗin mota kaɗai zai cinye aikin. Unguwanni ko ƙauyuka ko makarantu ake zaɓa, sai a shiga kowane gungu a ɗebi gidaje. Kuma mutanen gungu ɗaya kama suke yi da juna, rijiya ɗaya suke sha, asibiti ɗaya ne ke kusa da su ko nesa da su, mai unguwa ɗaya, malami ɗaya suke saurara. Kamar mai sayen masara ne da ya soka hannu sau goma a kusurwa ɗaya ta buhu, bai san buhun kamar wanda ya soka wuri goma daban-daban ba, duk da yawan tsabar da ke hannunsu ɗaya ne.

Leslie Kish ne ya yaɗa ma'aunin wannan asara a 1965, tasirin tsarin ɗiba, wanda ake rubutawa deff. Kimantawarsa 1 + (m−1) × ρ, m yawan mutanen da aka ɗeba a kowane gungu, ρ kuma yadda 'yan gungu suke kama da juna. Ko ρ ɗin 0.05 ne kawai, in ka ɗebi 21 a kowane gungu deff ya zama 2, wato mutum 1,000 ɗinka darajar 500 suke da ita. Tazarar 400 cikin 1,000 ta tashi daga 37 zuwa 43 ta koma kusan 35.8 zuwa 44.4. Kwatanta wannan da bambancin 0.1 da ke tsakanin Wald da Clopper-Pearson a wancan layin, ka ga inda ainihin maganar take.

Masu aikin rigakafi sun san tsohon tsarin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya, gungu 30 yara 7 a kowane, 210 kenan. An gina shi ne a kan deff 2, yara 210 su zama kamar 105, shi ya sa daidaiton da ake sa rai maki 10 ne sama ko ƙasa. Wanda ya zuba 210 kai tsaye cikin Wald ko Wilson zai samu kusan maki 7, ya yi murna, alhali ba shi da wannan daidaiton. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya, wanda ake kira DHS, na 2018 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar shi ma gungu-gungu ne, an zaɓi gungu 1,400 gida 30 a kowane, ga kuma nauyi, wato lambar da ke nuna mutum nawa kowane mai amsa yake wakilta, domin ba a ɗebi jihohi daidai da yawan jama'arsu ba. A bayan rahoton akwai teburan kuskuren samfuri, sai dai a kula, DEFT suke rubutawa, shi kuma saiwar deff ne, DEFT 1.5 yana nufin deff 2.25.

Hanyoyi biyu ne a nan. Mai araha: ka raba n da deff, ka samu adadin da ke aiki da gaske, ka zuba shi cikin Wilson. Tana da amfani in rahoto kawai ke hannunka ba ɗanyen bayani, amma ingancinta daidai yake da ingancin deff ɗin da ka saka, kuma deff ba ɗaya ba ne ga kowace tambaya, na "ina kuke ɗebo ruwa" yakan yi sama sosai don ƙauye guda amsa ɗaya ce, na wata tambaya kuma kusa da 1. Hanya ta sosai: ka gaya wa manhaja tsarin, gungu da rukuni (sassan da aka raba al'umma kafin a zaɓi gungu, kamar birni da ƙauye) da nauyi, ta lissafa da kanta. A Stata svyset sannan svy: proportion, a R kunshin survey na Thomas Lumley, svydesign sannan svyciprop, wanda a ciki akwai zaɓin logit, hanyar da ke hana tazara fita daga 0 zuwa 100, da kuma na beta, wato hanyar Korn da Graubard ta 1998, ita ce 'yar'uwar Clopper-Pearson ga irin wannan bincike kuma ta dace da ƙananan kasoji. A bayanan mata na binciken DHS v005 ne nauyi a raba shi da miliyan ɗaya, v021 gungu, v022 rukuni. Wajen tsada R kyauta ne, Epi Info ma kyauta kuma yana da sashen samfuri mai gungu, Stata lasisi ake saya, a SPSS kuwa sashen Complex Samples ƙari ne daban. Ainihin tsadar ita ce lokacin koyo, da kuma cewa dole tun a fili an rubuta lambar gungun kowane mutum, in ba a rubuta ba babu manhajar da za ta ƙirƙiro maka ita daga baya. Wani tarko kuma, saka nauyi kawai ba tare da gungu ba yana gyara kason amma tazarar tana nan a matse.

Akwai gyara ɗaya da ke tafiya ɗaya ɓangaren, yana rage faɗi. In al'ummar ƙarama ce kuma ka ɗebi babban ɓangarenta, kamar ɗalibai 200 cikin makaranta mai 400, sai a ninka kuskuren da √((N−n)/(N−1)), N yawan al'ummar baki ɗaya, a nan wajen 0.71, tazarar ta ragu da kusan kashi 30. In abin da ka ɗeba bai kai kashi 5 na al'ummar ba manta da shi. Fomular Taro Yamane da ɗalibanmu ke sakawa a babi na uku daga wannan gidan ta fito, amma ta ƙayyade mutum nawa za a tambaya ce, ba ta fitar da tazara bayan an gama, kuma ita ma ƙuri'ar kai tsaye ta ɗauka.

Wani abu da nake so a ji da kyau domin yana damuna: fom ɗin da aka tura guruf-guruf na WhatsApp duk wanda ya ga dama ya cike, ko tsayawa bakin get a tambayi wanda ya wuce, babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke ba shi tazara mai ma'ana. Tazarar amincewa kuskuren sa'ar ɗiba kawai take aunawa. Ba ta san waɗanda ba su da waya ba, ba ta san matar da ba a bari ta fito ta amsa ba, ba ta san wanda ya faɗi abin da yake ganin mai tambaya na son ji ba. Mutum 5,000 a irin wannan fom za su ba ka tazara siririya a kewaye da lamba karkatacciya. In haka bayananka suke ka rubuta kason, ka faɗi gaskiyar yadda aka samo shi, ka ce na waɗanda suka amsa ne.

Wa ya dace da wace

Ɗalibi mai furojet da ya yi ƙuri'a daga rajistar makaranta ko ta asibiti, mutum 30 zuwa 'yan ɗaruruwa: Wilson, kuma ka rubuta sunanta a babin hanyoyin bincike don mai karatu ya san dalilin da 6% bai zauna a tsakiya ba.

Mai koyarwa a aji, ko ma'aikacin fili da kalkuleta kawai ke aljihunsa: Agresti-Coull.

Mai bin diddigin abu mai wuyar samu kuma mai haɗari, inda 0 ko 1 ko 2 ake gani cikin samfuri kuma hukuma za ta yanke hukunci a kai: Clopper-Pearson, a karɓi faɗinta.

Ɗan jarida ko mai karanta ƙuri'ar jin ra'ayi ta mutum dubu da wani abu, kason tsakanin 20 da 80: Wald ta isa don kimantawa a ka, mutum 1,200 kusan maki 3 ne, 2,400 kusan maki 2, amma da zarar an ce "a cikin matasan jiha kaza" adadin ya ragu zuwa ƙila 60 ko 80, sai a koma Wilson.

Duk wanda ya shiga unguwa-unguwa, ƙauye-ƙauye, makaranta-makaranta, ko yake aiki da bayanan DHS ko MICS (binciken gidaje na UNICEF): svy a Stata ko survey a R, logit ga kason tsakiya, Korn-Graubard ga ƙanana. In gungun da ke hannunka ba su kai 20 ba ka yi hattara ko da manhajar ta fitar da amsa, domin a nan yawan gungu ne ke riƙe da lissafin ba yawan mutane ba, kuma in har ba a fita fili ba tukuna gara a ƙara ƙauyuka a rage gidajen da za a shiga a kowane.